Rejim ɗin Alhaji Babani

Duk wanda ya zauna a unguwar Bracodi ta birnin Abidjan a shekarar da sojoji ke riƙe da ƙasar, in ya ce maka bai san Alhaji Babani mai kwanuka ba, to ko dai kurma ne ko maƙaryaci. Ba sai ka gan shi ba, muryarsa za ta iso ka har ɗaki. In kuwa ka tsaya a bakin lungu kana jiransa, tumbinsa ne zai fara yi maka sallama, sai daga baya mai shi ya ɓullo yana haki. Daga Kano yake sauko da tasa da langa da fanteka ya baza su a kasuwar Adjamé, kuma Allah ya yi masa buɗi daidai gwargwado. Abu ɗaya ne bai samu ba a rabon, shi ne iya rufe baki.

Kalmar da ta fi zama a bakinsa ita ce iko. "Ni komai nawa a hannuna yake," in ji shi. Ya sha ba da labarin ranar da zazzaɓi ya zo masa yana tashar jirgin ruwa, ya ce da shi ya dakata sai ya gama fitar da kaya, zazzaɓin kuwa ya koma gefe ya jira. Faransanci kuma, cewa yake Turawan unguwar Plateau kansu sukan tambaye shi a wace unguwar Faris aka haife shi. Gaskiyar magana, Faransancin Alhaji na kasuwa ne: ƙirga, da "wi" wato e, da "kombiyen" wato nawa, sai 'yan zage-zage biyu da ya tsinta a bakin yaran mota.

To, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Hausawa ya tsufa ya tattara ya koma Sakkwato, kujera ta zama babu kowa. Aka kira taro a wani siton shinkafa da ke Arras, can Treichville, aka ɗora alƙalanci a wuyan Malam Ubaidullahi, limamin da kowa ke jin maganarsa. Mutum biyu ne suka fito neman kujerar: Babani, da Alhaji Ɗan Azumi mai atamfa, wani shiru-shiru wanda shi ma, a faɗi gaskiya, ba ya wucewa ta ƙaramar ƙofa sai a karkace. Shekara da shekaru Babani yana mafarkin wannan kujera. Har babbar rigar da zai sa ranar naɗi ya riga ya ɗinka, tana rataye a ɗaki.

Ana cikin taro aka kawo abin taɓawa. Ɗan Azumi ya ja leda ya buɗe garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi da 'yan'uwanmu na Nijar ke sayarwa a kowane lungu, ya sa hannu. Babani ya ga dama ta samu, ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, ku duba da idonku! Wanda ya kasa mulkin cikinsa, ina zai iya mulkin mutane?"

Ɗan Azumi ya haɗiye lomarsa a natse, ya dubi tumbin mai magana, ya ce, "Alhaji, lallai gwano ba ya jin warin jikinsa."

Aka kwashe da dariya. Babani ya doki cikinsa da tafi, ya ce, "Wannan? Wannan bawana ne! Ni na ce masa ya fito ya fito. Gobe in na ce ya koma, komawa zai yi."

"Madalla," in ji Malam Ubaidullahi, wanda dama rigimar ta ishe shi. "Ka hutar da mu, Alhaji. Ga sikelin shinkafa can. Kowa ya hau yau, a sake hawa in watan Maulidi ya tsaya. Wanda ya fi rage nauyi, shi ya iya mulkin cikinsa, shi za mu ba kujera. Ai hukuncinka ne, ba nawa ba."

Aka hau da su ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya haura buhun shinkafa biyu. Malam ya sa alli ya ja layi a inda allura ta tsaya wa kowa, aka shafa fatiha, aka watse.

Da ya isa gida ya ba da labari, matarsa Hajiya Delu ta ce alhamdulillahi, don ta daɗe tana fama da shi kan kumburin ƙafa da jirin da yake ɓoyewa. Ta ce ya fara zuwa wurin likita. 'Yarsu Ni'ima, haifaffiyar Abidjan da ke aiki a wani kantin magani, wadda Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta, ta ce, "Baba, zan raka ka in yi maka fassara."

"Fassara? Ni? Ke, ina Faransanci tun uwarki ba ta san hanyar Abidjan ba!"

Shi kaɗai ya tafi. Likitan wani dogo ne mai tabarau, ya auna shi, ya ɗaure masa hannu ya hura, ya dubi abin awon, ya sake duban Alhaji, ya girgiza kai. Sannan ya saki Faransanci ba birki. Babani na gyaɗa kai yana "wi, dokta, wi, wi," alhali ko kalma ɗaya ba ta tsaya masa ba. Sai can wajen ƙarshe, da likita ya ɗaga yatsa yana jaddadawa, kunnensa ya cafko 'yan kalmomi: "Rejim, kullum! San wil, san sel, san sukur!"

A nan fa gizo ya yi saƙar. Mai karatu, bari in tsegunta maka abin da Alhaji bai sani ba. A Faransanci "rejim" na nufin ƙa'idar cin abinci da likita ke gindaya wa mara lafiya. "San" kuwa a bakin likita "ban da" ce: ban da mai, ban da gishiri, ban da sukari. Amma a kasuwa, inda Alhaji ya yi karatunsa, "san" ɗari ce. Don haka ya fito yana lissafi a ransa: man ɗari, gishirin ɗari, sukarin ɗari. Ya ce lallai wannan likita ɗan albarka ne. Rejim ɗin ne kawai bai san ko allura ba ce ko ƙwaya, kuma da ya koma ya tambaya gara ya mutu.

A hanyar gida ya ratsa ta Kasuwar Gouro, inda mata ke sauke kayan gona daga manyan motoci. Yana cikin kutsawa sai ya ji wata mata mai faffaɗar murya tana kira, "Rejim! Rejim! Kawu, zo ka ga rejim mai kyau!" Ya waiga. Tana tsaye a kan tulin agada, babbar ayabar nan ta suya, tana ɗaga dami guda kamar yadda aka saro shi daga bishiya. Don kuwa a wannan harshe mai fuska biyu, damin ayaba ma rejim ake ce masa.

Babani ya tsaya cak, ya ɗaga hannu sama. "Allahu Akbar! Magani a gonar yaro!" Agada, da man ɗari, da gishirin ɗari. Ai aloko ke nan likita ya rubuta masa, soyayyar agadar da ya fi ƙauna a duniya. Sukarin kuma na shayin da za a kora ne. Ya sayi damin da ya fi kowanne girma, aka ɗora a baro, ya biyo bayansa yana tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Hajiya Delu na tuƙa tuwon dawa aka shigo da kaya. Ta ce, "Alhaji, sana'a muka sake?"

"Sauke tukunyar nan. Daga yau ba tuwo, ba miyar kuka. Rejim nake. Ga shi nan, dami guda, umarnin dokta."

Ni'ima ta leƙo daga ɗaki, ta ji bayani, ta dafe kai. "Baba, no! Ba wannan rejim ba! Rejim shi ne ka daina..."

"Ke ce a ɗakin ko ni?"

"Amma Baba, san ɗin da ya ce..."

"San ɗari ce. Shekara talatin ina karɓar san a hannun mutane, yau ke za ki koya mini? Kin ga illar boko ke nan, Hajiya. Ƙwai ya fi kaza wayo."

Delu ta ajiye muciya. "Alhaji, ni ban yi makaranta ba, amma ban taɓa jin an kashe wuta da kananzir ba. Yayanka a kan tabarma ya faɗi bai sake magana ba, ina gani. Wallahi tsoro nake ji. Ka bar mini girkin nan, na san abin da zan ba ka."

Maganar ta ɗan taɓa shi, amma sai ya tuna an ce "ka bar mini", kalmar da ba ta shiga kunnensa. Ya ce cikinsa ne, shi zai tafiyar da shi, kuma daga yau madafi ma ya dawo ƙarƙashin ofishinsa. Ya jawo kujera ya zauna a ƙofar madafi yana ba da oda: a ƙara mai, a bari ta yi ja, a barbaɗa gishirin duka kada a ci amanar likita.

Haka aka shiga. Safe aloko, rana aloko, yamma aloko, shayi kuwa sai cokali ya tsaya a ciki. Ƙamshi ya cika lungu, har maƙwabta suka fara zuwa duba mara lafiya da kwanukansu. Babani ya mai da ƙofar shagonsa makaranta. Duk wanda ya tsaya sayen langa sai ya sha lacca a kan ƙarfin zuciya. "Abin ba wuya," yake cewa, bakinsa na ƙyalli. "Mutane ne ba su da niyya. Ni tunda na fara ban tsallake ko rana ɗaya ba."

Mako na biyu wando ya ƙi hawa. Ya aika aka kira Kailu tela, maƙwabcinsa, wani siriri mai bakin tsiya.

"Kailu, ka cuce ni. Yadin nan da ka ɗinka mini tsukewa yake."

Kailu ya zagaya shi da igiyar awo, hannuwansa suka kasa haɗuwa, sai da ya ce Alhaji ya riƙe masa baki ɗaya ya zaga ta baya. "Alhaji, to igiyar awon tawa ma ta tsuke."

"Ba ka gane kimiyya ba. Kitsen ne ya narke, yake taruwa wuri ɗaya kafin ya fita."

"Ta wace ƙofa zai fita, in kauce?"

Ranar Juma'a ya tare gbaka, ƙaramar motar hayar nan, zai je masallaci. Yaron mota ya dube shi sama da ƙasa ya ɗaga yatsu biyu, wai kuɗin mutum biyu zai biya. Babani ya zazzage masa zage-zagen nan biyu da ya iya, ya taka da ƙafa. A masallaci kuwa aka yi sujada aka ɗago, aka sake yi aka miƙe, Alhaji na nan a ƙasa. Na kusa da shi suka ɗauka khushu'i ne, sai da suka ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ku kama ni, bayin Allah." Da aka fito ya ce addu'a ce ta musamman yake yi wa ƙungiya.

Da ya ga abin na neman jan lokaci, sai ya yanke cewa maganin ne ya yi masa kaɗan, tunda jikinsa ba irin na kowa ba ne. Ya koma dami biyu. Matar Kasuwar Gouro ta fara ajiye masa kujera da ruwan sanyi, tana kiransa mijinta.

Wata rana ya ce bari ya leƙa abokin hamayya. Ya haye Arras, ya tarar da Ɗan Azumi a tsakar gida, fuska a yamutse, gabansa kwanon dafaffen ganye da ɗan kifi gasasshe. Matarsa Hajiya Tabawa na zaune a gefe tana tsintar wake, ido ɗaya a kan kwanon.

"Subhanallahi! Alhaji, akuya ka koma?"

"Bari kawai, Alhaji," in ji Ɗan Azumi. "Ni na san kaina, ba ni da wani iko. In na ji ƙamshin garba, ƙafata da kanta take juyawa. Shi ya sa na ce da Hajiya ta riƙe ni. Hanyar shago ma na sake, ta bayan gareji nake bi don kada in wuce ta gaban mai garba."

"Wato gudu kake! Namiji guda, kana ɓuya wa rogo!" Babani ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ka zo Adjamé ka ga yadda maza ke yi."

Washegari kuwa ya sa aka ɗauki bencinsa aka dasa a gaban rumfar mai garba ta bakin titi. Ya zauna ya harɗe, ya ƙura wa kaskon kifi ido, jama'a na kallo. "Kun gani? Ina kallonsa, yana kallona. Ko gezau." Can ya ce kallo daga nesa ai kowa ma zai iya, a zubo masa a faranti a ajiye a gabansa. Aka ajiye. Can kuma ya ce jarumtaka ita ce mutum ya ɗanɗana ya tsaya. Ya kai loma ɗaya, ya ɗaga hannu. "Kun ga na tsaya?" Aka ce an gani. Ya ce to bari ya sake nuna musu, don na baya ba su gani da kyau ba. Kafin azahar ya nuna musu tsayawa har faranti uku.

Kailu ya ce, "Alhaji, ban taɓa ganin mai birki irinka ba. Kowace loma sai ka taka."

Watan Maulidi ya tsaya. Babani ya zaro babbar rigar naɗi, aka taru aka zura masa ita da ƙyar. Ya yi shatar woro-woro, tasin unguwa, ya cika gaba shi kaɗai, Delu da Ni'ima da Kailu suka matsu a baya. A but ɗin motar kuwa ya sa aka loda dami biyu na agada, kyautar da zai ba Malam Ubaidullahi bayan naɗi, don shi ma ya ga malamin ya fara ajiye tumbi.

A bakin gadar da ke haye wa zuwa Treichville sojoji sun gitta shinge. Lokacin kuwa gari a tsorace yake, kullum ana raɗe-raɗin wani zai kifar da wani. Direba ya rage murya ya ce kowa ya yi shiru, shi zai yi magana. Wani saje mai jajayen idanu ya sunkuyo ta taga ya tambaya da Faransanci ina za su da wannan ado haka.

Shiru? A gaban jama'a, ga kuma damar Faransanci ta samu? Babani ya ture hannun direba, ya tattaro kalmominsa kaf, ya saki da ƙarfi: "Shef! Yau zan karɓi mulki a Treichville! Rejim kuwa, na gama da shi. Ni kaɗai na cinye shi!"

Wayyo! Ashe kalmar nan tana da fuska ta uku, wadda ta fi sauran haɗari: gwamnati mai ci ma rejim ce. Kafin ka ce kwabo an zagaye motar, bindigogi sun yi ƙaras-ƙaras. Direba ya fito hannu sama yana rantsuwa bai taɓa ganin wannan mutum ba. Kailu ya nutse ƙarƙashin kujera yana salati. Aka jawo Babani, ƙofa ta riƙe shi, sai da soja biyu suka haɗa ƙarfi.

"Su wa ke bayanka?" in ji saje.

"Ba kowa! Dokta ne ya ba da umarni, ni na zartar."

"Dokta wa? Ina kayan aikin?"

"Suna but, Shef. Biyu ne, manya."

Sojoji suka ja da baya. Aka rufe gada, motoci suka yi layi har Plateau, masu tallan ruwa suka watsar da robobi suka ranta a na kare. Saje ya ce kafin a buɗe but, madugun juyin mulki ya kwanta ya yi ta dannawa da hannu yana tashi, irin horon da suke ba masu laifi. Babani ya kifa. Sai dai tumbi ya riga hannuwa isa ƙasa, ya tokare, hannuwan suka rage suna lilo a iska. Ya yi ta wutsil-wutsil a cikin babbar riga, ba gaba ba baya.

Wani ƙaramin soja ya lallaɓa ya ɗaga murfin but da bakin bindiga, ya yi tsalle gefe. Aka jira ƙara, ba a ji ba. Aka leƙa. Ga agada dami biyu, sun nuna sun yi rawaya, suna kwance abinsu.

Nan Ni'ima ta fito, hawaye da dariya sun haɗe mata, ta buɗe Faransancinta tar ta zayyana wa saje komai: likita, da san, da ɗari, da sikelin Arras. Saje ya saurara, leɓensa ya fara rawa, sai ya fashe. Ya yi dariya har ya jingina da shinge, ya kira na bayansa ya maimaita musu, su ma suka kama ciki. Labari ya bi layin motoci yana tafiya, kana jin dariya na tashi mota bayan mota.

"Yako, tsoho," in ji saje yana share ido, wato sannu. "Amma wallahi sai na ga awon nan da idona."

Haka Alhaji Babani ya shiga Arras da rakiyar motar soja a gaba. Yana ganin taron 'yan ƙungiya a ƙofar sito sai ruhinsa ya dawo. Ya kakkaɓe ƙurar riga, ya ɗaga musu hannu, ya raɗa wa Kailu, "Ka gani? Tun ban hau ba gwamnati ta san da ni."

Ɗan Azumi ya fara hawa. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya fito. Allura ta tashi ta tsaya can ƙasa da layin allinsa, aka yi kabbara. Ya sauko yana cewa shi fa ba ƙoƙarinsa ba ne, a gode wa Hajiya Tabawa.

Babani ya hau da bisimilla. Sikeli ya yi ƙara. Allura ta zabura, ta wuce layin Ɗan Azumi, ta wuce nasa layin ko waiwaye ba ta yi ba, ta je ta tsaya tana karkarwa.

"Rigar ce," in ji shi. "Aikin zare ya yi mata yawa." Ya tuɓe. Allura ta ɗan motsa don ladabi. Ya cire hula, ya cire takalmi, ya cire agogo, ya miƙa wa Kailu carbi. Ya zazzage aljihu, sai ga ƙunshin aloko a takarda ya faɗo, mai ya huda ta. Ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya ja numfashi ya shanye ciki har idonsa ya yi ja. Allura tana nan inda take.

"Sikelin shinkafa ne, bai san mutum ba!"

"Shi ya auna ka wancan karon, Alhaji," in ji Malam Ubaidullahi.

"To, Allah gafarta Malam, a duba wani abu. Shi ragewa ya yi, ni ƙarawa na yi, kuma tawa tafiyar ta fi tasa nisa. In ana maganar iko, wa ya fi juya cikinsa? Da gangan na yi!"

Mai sito ya leƙa allura ya ce in Alhaji zai ƙara mako biyu a kan wannan rejim, zai cika buhu uku cif, a ɗinke bakinsa a sa a mota. Saje ya zauna a kan buhu yana ta dariya.

Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Alhaji, ni ban da abin cewa. Wani mai hikima ya tsaya a wurin nan ya ce wanda ya kasa mulkin cikinsa ba ya mulkin mutane. Mun bi fatawarsa." Ya kama hannun Ɗan Azumi ya zaunar da shi a kujera.

Babani na tsaye a kan sikeli daga shi sai 'yar shara da wando, ana ta wuce shi ana zuwa yi wa sabon shugaba mubaya'a. Ba wanda ya ce masa ya sauko. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya so kujerar nan har ransa. Delu ce ta zo ta yafa masa babbar rigar a kafaɗa, ta kama hannunsa ta sauko da shi. Agadar kuwa sojoji suka tafi da ita, wai shaida ce.

Da suka koma gida ya nufi kujerarsa ta ƙofar madafi, ya tarar babu ita. Kaskon suya ma babu, galan ɗin mai babu. Delu ta ɗaura zani a ƙugu, ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu, Ni'ima a bayanta.

"Me ke nan, Hajiya?"

"Juyin mulki, Alhaji. Ka ce ka gama da rejim, to ya kifu. Mun rasa kujera a Arras ban damu ba, amma ba zan rasa miji a Bracodi ba. Zauna."

Ya zauna. Aka ajiye masa ɗan malmalar tuwon dawa da miyar kuka, ko ɗigon mai babu a kanta. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Gishiri fa?"

"San," in ji Delu.

Fuskarsa ta washe. "Na ɗari?"

"Na babu, Baba," in ji Ni'ima.

Sai ga kan Kailu ta saman katanga. "Alhaji, lafiya? Na ji an ce an yi maka ritaya daga madafi."

Babani ya dubi muciya, ya dubi mai riƙe da ita. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda duk lungu zai ji. "Ni na naɗa ta! Ni na ba ta umarni ta hana ni, kuma ka ga yadda take bin umarnina sau da ƙafa!"

"Ci, yana hucewa," in ji Delu.

Ya sunkuyar da kai ya ci.